Amsa: Akwai aiki a Ibeju-Lekki ga mai zuwa daga Arewa?

Malam, ka tambaya ko ka bar gida ka nufi Ibeju-Lekki da ke jihar Legas neman aiki, tunda ka ji an buɗe matatar man Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa ta Lekki a 2023. Akwai aiki, amma na mai sana'a ne. In kana walda, ko gyaran wuta, ko kana da lasisin tuƙa tirela da tanka, taho. In ƙarfinka kaɗai za ka kawo, ka dakata tukuna.

Dalili kuwa, lokacin gini ne aka kwashi lebura da yawa, ginin kuma ya ƙare. Yanzu na'urori ke aiki, masu takarda ake nema. 'Yan ƙauyukan bakin tekun ma, waɗanda suka gaji kamun kifi, filayensu sun shiga hannun kamfanoni, suna cikin masu neman gurbin nan. Na ga samarinmu sun zo ba masauki, kuɗin haya ya cinye guzurinsu, abin ya dame ni ƙwarai. Kada kuma ka dogara da acaba, an hana shi a ƙaramar hukumar Eti-Osa da ke kan hanyar zuwa can tun 2022. Ka sami wanda zai sauke ka kafin ka hau mota.