Kwikwiyona ya mai da bayan kushin ban ɗaki, ina mafita?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina da kwikwiyo namiji ɗan wata huɗu, irin ƙananan nan masu yawan gashi da ake kira Lasa. Wata guda ke nan da kawo shi, amma har yanzu a falo yake fitsari, musamman bayan kushin da kan kafet. Na sha bugunsa da jarida, har hancinsa na taɓa dangwara masa a wurin kamar yadda aka ba ni shawara, abin sai ƙaruwa yake. Ina fitar da shi safe da yamma, ya yi ta wasa bai yi komai ba, muna shigowa sai ya tsuguna. Maigida ya ce in abin bai gyaru ba a mayar da shi, don a falon nan mukan yi salla. Taurin kai ne, ko ni ce ban iya ba?

Wata mai karatu daga Jos

Amsa: Malama, barka kadai. Ki fara ajiye jaridar nan. Kare ba ya haɗa dukan da aka yi masa yanzu da fitsarin da ya yi minti goma da suka wuce. Abin da ya koya daga bugun shi ne, tsugunawa a gabanki haɗari ne. Shi ya sa idan kun fita yake riƙewa tunda kina tsaye a kansa, kuna dawowa kuma ya lallaɓa bayan kushin inda idonki ba ya kai. Wannan ba taurin kai ba ne, tsoro ne aka koya masa ba da gangan ba.

Sai kuma lissafin fita. Sau biyu a rana ya yi kaɗan ƙwarai. Ƙiyasin da masu horar da karnuka ke amfani da shi shi ne, kwikwiyo na iya riƙe fitsari kamar awa ɗaya ga kowane wata na rayuwarsa. Ɗan wata huɗu ke nan awa huɗu, kuma wannan iyakar ƙoƙarinsa ce, lokacin da yake kwance yana hutawa. Idan idonsa biyu yana guje-guje, ba ya kai haka. Lasa ko ya gama girma nauyinsa bai cika wuce kilo 6 zuwa 8 ba, to ki auna girman mafitsarar ɗansa. Ƙananan karnuka kuma jikinsu na sarrafa abinci da sauri, abin da ya shiga ba ya daɗewa.

Amma ni a ganina babbar matsalar ƙananan karnuka ba mafitsara ba ce, faɗin gida ne. Ɗabi'ar kare ce ba ya son ɓata makwancinsa. Babban kare yakan ɗauki ɗaki gaba ɗaya a matsayin makwanci, sai ya nemi ƙofa. Shi kuwa wannan ɗan mitsitsin, daga inda yake kwana zuwa bayan kushin tafiya ce mai nisa. A wajensa ya riga ya fita daji. Ga shi fitsarin nasa bai wuce 'yan cokula ba, ya bushe ba a gani ba. Na tabbata idan kika ɗaga kafet ɗin nan za ki tarar da wuraren da ba ki san da su ba. Kowane ɗaya darasi ne da ya koya wa kansa ba ki nan.

Saboda haka daga yau a rufe masa falo. Damuwar maigida tana kan hanya, fitsari najasa ne, kuma rufe falon ya raba wannan gardamar tun kafin horon ya kankama. Ki ware masa wuri ƙarami mai tayil ko siminti, kamar lungun baranda, da keji wanda zai iya miƙewa, ya juya, ya kwanta a ciki, ba fiye da haka ba. Keji mai faɗi kuskure ne, zai kwana a gefe ɗaya ya ɓata ɗaya gefen. Kada kuma kejin ya zama kurkuku: da rana kar ya wuce awa uku a kulle, kuma ba a jefa shi ciki don hukunci. Duk lokacin da yake waje da kejin, ya kasance a gaban idonki, ko ki ɗaura igiyarsa a jikin kujerar da kike zaune.

Ki fitar da shi da zarar ya farka daga barci, da bayan ya ci abinci da kamar minti goma zuwa ashirin, da bayan wasa, da daf da kwanciyar dare, sannan duk bayan awa ɗaya ko biyu a tsakani. Wuri ɗaya za ki zaɓa a tsakar gida, kullum nan. Ki kai shi da igiya, ki tsaya shiru, ba wasa ba magana, sai kalma ɗaya da kika zaɓa, ko "yi" ma ta isa. Yana gamawa, nan take ki yabe shi ki ba shi ɗan guntun dafaffen nama ko kaza maras ƙashi da yaji, kamar girman ƙwayar wake. Nan take nake nufi, cikin daƙiƙa biyu ko uku. In kika bari sai kun koma ɗaki, ladan shiga ɗaki kika ba shi. Idan minti biyar ta wuce bai yi ba, ki mayar da shi keji, bayan minti goma sha biyar ki sake gwadawa. Kwanakin farko za ki ji kamar aikinki ke nan a duniya. Haka abin yake.

In kika kama shi yana shinshina ƙasa yana kewaye wuri ɗaya, ko ya fara tsugunawa, ki ɗauke shi cak ba tare da tsawa ba ki kai shi wurinsa.

Abinci ya zama mai lokaci, sau uku a rana, abin da ya rage bayan minti ashirin a ɗauke. Mai ci a kan lokaci yana kashi a kan lokaci. Kada dai ki rage masa abinci ko ki hana shi ruwa don fitsari ya ragu. Ƴaƴan ƙananan karnuka sukarin jininsu na saurin faɗuwa idan suka daɗe ba su ci ba.

Wuraren da ya ɓata kuwa, maganin goge ɗaki mai ƙamshi hancinki kawai yake ruɗa, ba nasa ba. Muddin yana jin warin, zai koma. Akwai ruwan wanki na musamman mai narkar da fitsari da ake samu a shagunan kayan dabbobi. In bai samu ba, ki tsane wurin, ki wanke da ruwan khal da aka sirka da ruwa daidai wa daida, ki shanya kafet ɗin a rana. Ki guji duk maganin goge ɗaki da ke da sinadarin amoniya, domin warinsa na kama da na fitsari.

Tunda a Jos kike, ki lura da sanyin asuba lokacin hunturu da kuma ruwan damina. Ƙaramin kare ya tsani taka jiƙaƙƙiyar ƙasa mai sanyi, zai riƙe har ya koma ciki. Wurin da za ki zaɓa ya zama mai rumfa. Kuma tsakar gida nake nufi, ba titi ba, sai ya kammala alluran rigakafinsa, har da ta ciwon haukan kare, kuma likitansa ya ce ya isa fita.

Idan kin bi wannan sau da ƙafa, cikin sati biyu zuwa uku za ki ga sauyi, amma kada ki buɗe masa falo sai ya yi wata guda cur ba kuskure, sauran ɗakunan ma ɗaya bayan ɗaya za ki buɗe masa. Wasu ƙananan karnukan sai sun kusa shekara kafin a sakankance da su. Wajen wata shida zuwa sama kuma, tunda namiji ne, yana iya fara ɗaga ƙafa yana ɗiga fitsari a ƙafar kujera. Wannan shaidar yanki ce irin ta balaga, wato sa alamar cewa wurin nasa ne, kuma a lokacin za ki iya tattauna maganar dandaƙa da likitansa.

Amma in kin ga yana tsugunawa akai-akai yana nishi fitsarin na fita ɗigo-ɗigo, ko da jini a ciki, ko yana shan ruwa fiye da kima, ko yana jiƙa shimfiɗarsa cikin barci, to maganar ta bar hannun horo. Ki tari fitsarinsa na safe a kwalba mai tsabta, ki kai shi asibitin dabbobi tare da shi a ranar.