Amsa: Talauci ne ya sa Ingila ta kai ɓarayi Ostireliya?

Malam, ka tambaya ko talauci ne ya jefa talakawan Ingila cikin sata har aka riƙa kwashe su zuwa Ostireliya. E, shi ne tushe, amma dokar lokacin ce ta sa ƙaramar sata take raba mutum da ƙasarsa. Masu hannu da shuni sun killace filayen da mutanen ƙauye ke kiwo, jama'a suka kwararo Landan, ga tsadar burodi, ga rashin aiki. Laifuffuka sama da 200 hukuncinsu rataya ne, sai aka riƙa sassautawa da korar mutum shekara 7 ko 14. A da Amurka ake kai su. Da ta ɓalle daga mulkin Ingila, aka rasa inda za a kai su, aka cusa su cikin tsofaffin jirage a kogin Thames. Ayarin farko, jirage 11, ya isa Ostireliya a Janairun 1788. Kafin a daina a 1868, an kai mutum kusan 162,000.

Sai dai kada ka ɗauka abinci suke sata. Na sha karanta shari'o'in kotun Old Bailey ta Landan da aka sa a intanet, abin da na fi gani shi ne kayan da za a iya jinginarwa: hankici, yadi, cokalin azurfa. 'Yar aikatau ta ɗauke rigar uwargijiyarta ta kai jingina, shi ke nan, sai jirgi. Abin da ya fi ci mini rai, ko mutum ya gama wa'adinsa babu mai biya masa kuɗin dawowa, yawancinsu ba su sake ganin iyayensu ba.