Shirina na Python yana tsayawa cik yana tsakiyar karanta bayanai daga intanet

Tambaya: Malam, na rubuta wani ɗan shiri da Python wanda yake amfani da laburaren Requests wajen ɗauko bayanai daga shafuka daban-daban kowace awa. Yakan yi kwana biyu lafiya lau, sai na wayi gari na tarar ya tsaya, bai mutu ba, bai nuna kuskure ba, kuma bai ci gaba ba. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, mafi yawan lokuta shirin jira yake yi, domin Requests ba ya sanya wa'adi da kansa. Idan ba ka ba shi timeout ba, wato wa'adin jira, zai iya zama yana sauraron sabar (kwamfutar da take riƙe da shafin) har abada. Wannan ya sha bamban da laburaren httpx, wanda yake zuwa da wa'adin daƙiƙa 5 tun daga farko.

Abin da yake faruwa a ƙasa shi ne, idan haɗin TCP, wato layin da ke tsakanin kwamfutarka da sabar, ya yanke ta hanyar da ta dace, ɗaya ɓangaren yakan aiko da sanarwar rufewa. Amma idan aka ɗauke wuta na'urar intanet ta mutu, ko kamfanin layi ya share haɗin da ya ga ya daɗe shiru, to babu sanarwar da za ta iso, sai kwamfutarka ta ci gaba da zaton layin yana nan. Tsarin keepalive na Linux, mai duba ko haɗin yana raye, ba zai cece ka ba, domin sai an kunna shi, kuma ko an kunna, sai bayan daƙiƙa 7200 yake fara bincike idan ba a canja saitin ba.

Kafin ka taɓa komai, ka tabbatar. Lokacin da shirin ya daskare, kada ka kashe shi; ka buɗe wata tagar umarni ka rubuta py-spy dump --pid tare da lambar aikin shirin (PID); py-spy manhaja ce mai nuna inda shirin Python ya tsaya. Idan ka ga layin ƙarshe yana cikin socket.py ko ssl.py wajen karantawa, to ka kama ɓarawon.

Gyaran farko shi ne ka rubuta timeout=(5, 30), wato daƙiƙa 5 don ƙulla haɗi, 30 kuma don karatu. Sai dai a nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, kuma ina roƙonka ka lura sosai: lamba ta biyu ba jimillar lokacin saukarwa ba ce, tsawon shirun da aka yarda da shi ne tsakanin wani guntun bayani da na gaba. Sabar da take ɗiga maka 'yan haruffa duk bayan daƙiƙa 20 za ta iya riƙe ka yini guda ba tare da wa'adin ya cika ba. Saboda haka ka yi amfani da stream=True, ka riƙa karantawa gutsure-gutsure da iter_content, kana duba lokaci da time.monotonic() a kowane zagaye, ka fita da kanka idan lokacin da ka ɗiba ya wuce.

Ka sanya buƙatar cikin jimlar with ta Python domin haɗin ya rufe ko da ka fita a tsakiya. Sannan ka kama RequestException gaba ɗaya, wato uwar kurakuran Requests, domin idan wa'adi ya cika a cikin iter_content, kuskuren yana fitowa ne da sunan ConnectionError, kuma wanda ya tanadi Timeout kaɗai zai ga shirinsa ya faɗi.