Tambaya da Amsa: Shin Amurka ta ci Ingila a teku a yaƙin 1812?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. A darasin tarihi an ce mana Amurka ta rinjayi Ingila a teku a yaƙin 1812, alhali a lokacin babu rundunar ruwa kamar ta Ingila. Yaya aka yi haka?
Ɗalibi daga Mai Wurno, jihar Sinnar

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar tana buƙatar gyara. Lokacin da Shugaba James Madison ya sa hannu kan shelar yaƙi a watan Yunin 1812, saboda Ingila na kama matuƙan jiragen Amurka tana tilasta musu aiki a rundunarta, kuma tana tare musu hanyar ciniki da Faransa, jiragen yaƙin Amurka ba su kai 20 ba, na Ingila kuwa sun haura 500. Gaskiya ne jirgin Amurka Constitution ya ragargaza jirgin Ingila Guerriere a watan Agusta, amma gwabzawar jirgi ɗaya da ɗaya ce. Daga baya Ingila ta toshe tasoshin jiragen ruwan Amurka har ciniki ya durƙushe.

A tudu ma abin bai yi daɗi ba, domin yunƙurin mamaye Kanada ya watse, Janar William Hull na Amurka ya miƙa wa Ingila garin Detroit, sannan a Agustan 1814 sojojin Ingila suka cinna wa fadar shugaban ƙasa wuta a Washington.

A ganina, nasarar da ta fi nauyi a tafkuna aka same ta. Yankin iyakar Kanada daji ne marar hanyoyi, don haka abinci da albarushi ta ruwa suke isa ga soja, kamar yadda Kitchener, janar ɗin Ingila, ya dogara da jiragen Nilu kafin yaƙin Karari a Sudan a 1898. A gaɓar tafkin Erie aka sare itatuwa, aka harhaɗa jirage da ɗanyen katako, kuma da waɗannan jirage Oliver Perry, kwamandan sojan ruwan Amurka, ya kame jiragen Ingila shida gaba ɗaya ranar 10 ga Satumba 1813. Da abinci ya yanke, dole Ingila ta bar Detroit, kuma a wannan ja da baya ne aka kashe abokin ƙawancenta Tecumseh, jagoran 'yan asalin ƙasar.

An ƙulla sulhu a birnin Ghent (a Beljiyam ta yau) ranar 24 ga Disamba 1814, kowa ya koma kan iyakarsa ta dā. Labarin bai riga ya tsallaka teku ba Janar Andrew Jackson na Amurka ya fatattaki sojojin Ingila a New Orleans ranar 8 ga Janairu 1815.