Kar ki bari a ɓare fatar sif ɗin nan

'Yar'uwa, da na karanta cewa fatar katakon da ke jikin sif ɗin mahaifiyarki, Allah Ya jiƙanta, ta kumbura ta fara ɗagowa, kina tambaya ko a ɓare a manna famika, sai da gabana ya faɗi. Don Allah ki dakata.

Ni dirowar Innarmu ce, ta aurenta, mai fatar maɗaci ja wur. Rufi ya yi yoyo da damina, ruwa ya kwana a kanta, sannan hunturu ya zo ya busar, sai gefen ya ɗago. Wurin bai kai tafin hannu ba fa. Na kira wani kafinta, ya ce Hajiya ki bar min. Kwana 9 tana shagonsa. Ashe injin sanfefa ya ɗora mata. Fatar nan kaurinta bai kai milimita ɗaya ba, ya cinye ta har katakon ciki ya fito fari fat, ya shafe da fenti mai ƙyalli don kar in gane. Da na yi magana, wai ai tsohon kaya ne, ma ya gyara min. Tsohon kaya! Dirowar da Inna ke ajiye turarenta da tasbaharta. A gabansa na yi kuka, kuma ya karɓi kuɗinsa cif. Har yau ba na bi ta layin.

Wani dattijon kafinta ne ya nuna min yadda ake yi, a kan murfin da ya tsira. Inda ya kumbura, ki ɗora tsumma ki danna dutsen guga mai ɗumi, ba zafi sosai ba. Gam ɗin kayan zamanin da, na fatar dabba, zafi na narkar da shi ya sake kamawa. In ya ƙi, ki tsaga kumburin da reza, ki bi layin katakon, kar ki gitta. Ki cusa farin gam irin su Top Bond, ki goge wanda ya tsattso da ɗanyen tsumma, ki shimfiɗa leda, ki ɗora abu mai nauyi ya kwana. Kar a sa gam mai warin fetur ɗin nan, in ya kama a karkace shi ke nan.

Kuma duk ɓarin da ya faɗo ki adana a ambulan. Ni sharewa na yi, abin na cina. In akwai gurbi, a yanko faci daga inda ido ba ya kaiwa, a daidaita layinsa da na wurin.

Ki leƙa ƙarƙashi ma, ko gara ta shiga. Ki janye sif ɗin daga bango kafin damina. In kuma dole sai kafinta, ya zo gida ya yi a gabanki, ki ja kujera ki zauna.