Ka bar su su riƙe basilla

Ka ce mutanen gidan tarihi sun neme ka ka riƙa koya wa sababbin hannu dukanci ran Asabar, awa uku, yaran lakwal da wasu manya. Kana tambaya me za ka nuna musu, kuma ko wannan ba tona asirin sana'a ba ne. Zauna, ɗana.

Zancen asiri ka ajiye shi gefe. Shekara nawa kake gindina? Ban ɓoye maka komai ba, amma har yau in ka yi gaggawa bakin jakarka sai ya karkace. Wanda ya zo na awa uku me zai kwashe? Gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe a 1959, masu sana'a a gaban jama'a suke aiki, kuma ba su rasa abinci ba.

Abin da nake ji maka tsoro shi ne surutu. Na taɓa yi da wasu baƙi, na tsaya ina zuba labari har la'asar, suka tashi ba wanda ya taɓa fata. Ka zaga da su kaɗan su ga tsofaffin kayan da aka ajiye, ka tuna musu adon dokin da suke gani a hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Ka gaya musu da can ayari ke ɗaukar fatun ƙasar Hausa ta nan, ta Agadas, har Tarabulus, Turawa kuma suka raɗa mata suna fatar Maroko. Ya isa. A zauna a tabarma.

Ka zaɓi ƙaramin abu da zai ƙare a ranar, ɗan alabe ko maƙalin makulli. Kai za ka yanka fatar tun a gida, kada wuƙa ta shiga hannun ɗan koyo. Fatar akuya za ka kai, ta tunkiya tana miƙewa, ramin ɗinki ya yage, yaro ya karaya. Ka ɗiga musu alamar ramuka, kowa ya huda da basilla a kan katako, yatsun hagu nesa da tsini. Kada masu koyon su wuce takwas, idonka ba zai kai ba. In za a buga zane, a ɗan shafa wa fatar ruwa tukuna, busasshiya ba ta riƙe zane.

Wurin rini ka daɗe, nan ne ake kama zuciyarsu. Ka nuna musu ja na karan dafi da rawaya ta gangamau, sannan ka ba kowa ƙyallen fata ya ɗiga kuloko, ruwan rinin baƙi. Nan take wurin zai yi baƙi, ka ga idanu sun fito. Sai ka bayyana dalili: ƙarfen da ke cikin kuloko ne ya gamu da bagaruwar da majemi ya jeme fatar da ita. Saboda haka kada ka yarda a kawo maka fatar kamfani, wadda ba ta sha bagaruwa ba, za ka ji kunya a gaban yara.

Sai abu mafi wuya, ni ma har yanzu ina fama da shi. In ka ga ɗinki ya karkace, hannunka zai yi ƙaiƙayi. Kada ka karɓe. Ka ɗauki naka ƙyallen ka nuna a gefe, shi ya warware ya sake. Alaben da ya kai gida a karkace zai nuna wa uwarsa ya ce ni na yi, wanda ka gyara kuwa naka ne.

Ku daidaita tun yanzu wa zai sayi fata da zare. Gobe da sassafe ka biya ta majema ka zaɓo guda biyu, ka kawo in duba kafin ka sa wuƙa.