Ɗana ya ce shi na wuri biyu ne

Kin tambaya ko ɗanki da aka haifa a ƙasar waje ya ɓace, tunda yana cakuɗa harshenku da na makaranta, yana cewa shi na wuri biyu ne. Bai ɓace ba, Hajiya. Masanin nan Stuart Hall, haifaffen Jamaika da ya koma Ingila a 1951, ya nuna cewa asalin mutum abu ne da ake ginawa a hankali. Harshenku ne abin damuwa. Yawanci 'ya'ya suna ji ko da ba sa mayarwa, jikoki kuwa sai ya kuɓuce musu. Ki dinga yi masa magana da shi kullum, kuma ki hana 'yan uwa yi masa dariya in ya kuskure, don dariyar ce ke rufe bakin yara.